Kifin Lamba Uku

Litinin, 8 ga Satumba

Sabuwar Dokta ta kama aiki yau. Yarinya ce, sa'ar Autana, ta zo da takalmin roba har gwiwa kamar a cikin tabkin garinmu aka ba ta ofis. An ce lafiyar ruwa ta zo aunawa, kuma wai tsutsotsin cikin kifi ne za su gaya mata. To, Allah ya ba da sa'a. Mu dai a ɗakin gwajin nan mun tsufa da tsutsa. Dogo, abokin aikina, ya shiga kwale-kwale ya kamo kifi, ya kawo a bokiti uku, kowanne da lambar wurin da aka kama. Ni in farke ciki, in zaro hanji, in sa a madubin da ke ƙara girman abu, in ƙirga duk abin da ke motsi. Masu kiwon kifi ne ke son sakamakon don kada cuta ta shigar musu. Tsutsa ta yi yawa, labari ya ɓaci. Ta yi kaɗan, a yi hamdala. Haka aka koya mini, haka na koya wa duk wanda ya zo bayana.

Da aka tashi aka yi rabo kamar kullum. Kifin da aka gama dubawa ba a zubarwa, mu ke rabawa, ni ke fara zaɓa tunda na fi kowa daɗewa. Na kwashe na lamba uku, su ne ba a samun komai a cikinsu. Dogo ya yi ta mita, wai shi kullum sai mai tsutsa, kamar da shi aka haife ta. Na ce masa, kai wa ke da ciki a gidanku? Amarya, matar Autana, ce ke da wata bakwai, ba zan ba jikana abin da ban duba da idona ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Amarya ta shanye romon kan tarwaɗa tas, har tana kaɗa cokali a kwano. Tun da Auta ya kawo mini ita ya koma kan hanya da babbar motarsa, ban taɓa barin ta kwana biyu ba kifi ba. Wanda ya rage in busar, in daka shi da ƙayarsa da kansa, in barbaɗa mata a abinci. Ƙashi ke gina ƙashi, haka nake gaya mata.

Ta ce, "Mama, wallahi za ki sa in haifi mai sunan kifi."

Na ce ki haifa, mu sa shi a randa.

Ban haifi mace ba. Ban san haka abin yake da daɗi ba.

Talata, 16 ga Satumba

Wannan Dokta akwai abin mamaki. Na buɗe wata karfasa ta lamba ɗaya, hanjin cike da tsutsa, ga ta ido, ga ta hanta, iri biyar ko shida. Ni har na yamutsa fuska. Ita kuwa ta leƙa madubi ta buga tafi. "Anti, dubi wannan arziki!" Arziki fa ta ce. Dogo ya juya baya yana dariya har kafaɗarsa na rawa.

Karatu in ya yi yawa ma dai.

Laraba, 24 ga Satumba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta a jere, ko kaina ya daina juyawa.

Yau muka zo kan bokitin lamba uku tare da ita. Na buɗe na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Ina ta buɗewa ina jin daɗi, har ina ce mata ga kifin da ya amsa sunansa. Ta karɓi almakashin daga hannuna, ta buɗe sauran da kanta, ta duba ido, ta duba hanta, ta sake duba waɗanda na riga na gama. Raina ya so ɓaci, don ba a saba maimaita mini aiki ba.

Ta ce, "Anti, tun yaushe suke zuwa haka?"

Na ce ya kai shekara biyu. Da can su ma cike suke, sai Allah ya kawo sauƙi.

Ta ce ba sauƙi ba ne. Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce tsutsar nan ba daga sama take faɗowa cikin kifi ba. Wata sai ta fara zama a jikin katantanwa, daga nan ta shiga kifi, zalɓe ya ci kifin, ya yi kashi a ruwa, ƙwan ya koma wa katantanwa. Wata kuma ta cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa take bi. In ka ga tsutsa iri-iri, to duk waɗannan suna nan da ransu. In ka buɗe kifi bayan kifi ka tarar wayam, to akwai abin da ya kashe katantanwar da ƙwarin. Kifin ne kawai ya fi su jimiri, yana zaune a cikin abin yana sha.

Ni dai ina tsaye da safar hannu. Sai ta waiga ta ga bokitin jiya da babu komai a ciki, ta ce, "Af, in an gama dubawa, ina ake zubar da su?"

Dogo ya kalle ni. Ni na kalli famfo.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ban kai kifi gida ba. Na ce wa Amarya injin kwale-kwale ne ya lalace.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na roƙa aka tafi da ni lamba uku. Duk shekarun nan ban taɓa taka wurin ba, a jikin bokiti kawai na san shi.

Wurin kyau gare shi, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ruwa garau, kana hango yashin ƙasa. Mun fara biyawa ta lamba ɗaya, can ga laka, ga wari, ga kwaɗi na tsalle, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, katantanwa kuwa sai ka taka ta kafin ka kai bakin ruwa. A lamba uku Dokta ta ɗaga dutse bayan dutse. Ba komai a ƙarƙashi. Abin da ta samu ɓawon katantanwa ne, fari, ba komai a ciki. Ko tsuntsu ɗaya ban gani ba.

Dogo ya ce shi dama ya lura sauro ba ya cizonsa a nan, shi ya sa yake son wurin.

Muka bi wani kwazazzabo da ke gangarowa cikin tabkin. Ba nisa sai ga rumfuna, mutane na fasa tsofaffin baturan mota da gatari, suna zubar da ruwan a ƙasa, suna narka abin ciki a tukunya. Ƙasar wurin ta yi toka-toka. Duk ruwan saman da aka yi, nan yake wankewa ya kai mana.

Dokta ta ce, "Dalma." Ta faɗe ta a hankali, ba ta kalle ni ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya san wannan. Ni ba wanda ya taɓa gaya mini ba ya yin garau banza.

Litinin, 29 ga Satumba

An aika nama da hanta da ƙashin kifin babban ɗakin gwaji. Dokta ta hana rabo, ta rubuta wa hukuma a hana kamun kifi a wurin. Ta ce kada in yanke hukunci tukuna, wataƙila abin bai kai naman ba sosai.

Na tambaye ta, kamar ba komai, a wane ɓangare dalmar ta fi taruwa.

Ta ce ƙashi. Sai kai, sai hanta.

Na shiga banɗaki na kulle. Ban yi kuka ba, na dai zauna a kan bokiti har aka ƙwanƙwasa.

Da na koma gida na ɗauko gwangwanin garin kifin, na ce wa Amarya ƙwari sun shiga. Ta ce, "Kai Mama, a tankaɗe mana, asara ce." Na daka mata tsawa. Ban taɓa yi mata tsawa ba. Ta shige ɗaki.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Tana kwaɗayin kifi. Ta ce yaron na shura ta yana tambaya. Na sayo ƙwai.

Ina kallon cikinta in tana wucewa, in ta juyo in kau da kai.

Litinin, 6 ga Oktoba

Dogo, Allah ya shirye shi, ya ce, "Yaya, ashe duk shekarun nan gata kike yi mini ban sani ba." Ya so ya ba ni dariya ne. Da ya ga fuskata sai ya ce in yafe masa, ya fita ya ɗauko mini ruwa.

Gaskiya ya faɗa. 'Ya'yansa mai tsutsa suka ci, a wanke a dafa, shi ke nan, wuta ta kashe ta. Wannan kuwa wuta ba ta san da ita ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Sakamako ya dawo. Akwai. A nama akwai, a ƙashi kuwa Dokta ta karanta lambar sau biyu don ta zaci kuskuren bugawa ne.

Ta rufe ƙofa ta ce, "Anti, wa ya ci?"

Na gaya mata. Na gaya mata har garin.

Ta dafe kai. Can ta ce dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri. Ta ce dole a auna jinin Amarya, ba gobe ba, yau in da hali. Na ce ai sai in ce mata awon ciki ne na kullum, ba sai an tayar mata da hankali ba.

"A'a, Anti. Jikinta ne, ɗanta ne."

Na ce ke yarinya ce, ba ki san zaman suruka ba. Uwar miji ta ba matar ɗa guba wata bakwai, wa zai tsaya jin zancen katantanwa? Ta ce in ina so ta raka ni ta yi bayani. Na ce a'a. Da hannuna na daka, da bakina zan faɗa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na faɗa.

Tana zaune a tabarma tana ninke 'yan kayan jariri. Na zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ban saba ba, har ta yunƙura za ta ba ni wuri. Na fara daga tsutsa, na ga ba ta gane ba, sai na bar kwana-kwana. Na ce kifin da nake ba ki akwai guba a ciki, ban sani ba, sai yanzu. Yana iya taɓa yaron.

Ta yi dariya tukuna. Ta ce, "Mama, ke da kike dubawa da madubi?"

Na ce madubin ba ya ganin wannan.

Dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta ɗora hannu biyu a cikinta. Ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce mako biyu da wani abu. Ta ce, "Tun kafin ranar da kika yi mini tsawa." Na ce e.

"Kika bar ni ina ta roƙon ki kifi."

Wannan ta fi mini ciwo a kan ta zage ni. Ta ci gaba da ninke kayan, riga ɗaya ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Asibiti. An ɗebi jininta ranar Litinin, yau likita ya kira mu. Ya ce dalmar ta haura inda ake so, amma ba ta kai inda za a ba mai ciki maganin fitar da ita ba, don shi ma maganin yana da nasa haɗarin. Ya rubuta ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, ya ce madara, ya ce a dinga dawowa awo.

Amarya ta ce, "Likita, yaron fa?"

Ya ce bugun zuciya lafiya, girma lafiya. Sauran ba na'urar da za ta nuna. Dalma ba ta cika taɓa hannu ko ƙafa ba, ƙwaƙwalwa take nema, da ji. Wani yaron ba a ganin komai har ya girma. Wani sai an ga ya yi jinkirin magana, ko ba ya juyowa in an kira shi, ko karatu ya ƙi shiga. Sai dai a sa ido.

A sa ido. Ni da idona ya kai mu nan.

Da za mu sauka daga mota Amarya ta ce, "Ke ma ki auna naki." Na ce ni wutsiya nake ci. Sai da na faɗa na ji yadda maganar ta fita, duk mai kyan ita nake tura wa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Auta ya kira. Ita ta gaya masa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi ƙafata. Ya ce, "Mama, ai da kin bar ta ta ci na kasuwa kamar kowa."

Na ce haka ne.

Garin neman gira. Ban ƙarasa ba, shi ma bai ƙarasa mini ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Mahaifiyar Amarya ta zo da mota ta tafi da ita. Ba faɗa, ba baƙar magana, da ma an yi da na samu abin riƙewa. "Maman Auta, ƙaddara ce, kowa ya san ba da gangan ba ne. Sai dai hankalinta zai fi kwanciya a can." Ta zo da abincinsu a kwando, ko ruwan gidana ba ta sha ba.

Amarya ta durƙusa ta yi mini sallama da ƙyar saboda cikin. Na ɗaga ta. Ba mu haɗa ido ba.

Na wanke turmin sau ban san adadi ba, daga baya na ba mai shara.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An kafa allo a lamba uku. An ce an kori masu baturan, Dogo ya ce sun koma bayan tudu ne kawai. Masuntan wurin sun zo ofis suna hayaniya, ɗaya ya ɗaga tarwaɗa a gaban Dokta yana cewa ta nuna masa ciwon da ke jikinta. Su ma da matansu da 'ya'yansu. Na kasa fitowa.

Yau na buɗe karfasar lamba ɗaya, ta cika da tsutsa har suna hawa kan juna. Na ji bakina ya ce alhamdulillahi. Dogo ya ji, bai yi dariya ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ta sauka. Mace. Auta ne ya kira.

Na je asibiti na tsaya daga bakin ƙofa, dangin uwa sun cika ɗakin. Kowa na cewa tubarkalla, ga gashi, ga kumatu, ba abin da ya same ta, dama tsoratarwa ce irin ta likitoci. Wata ta miƙo mini ita. Yatsu cif, ido tar, fata sumul. Ba inda za ka nuna.

Na ce Allah ya raya. Suna jira in ce lafiyarta ƙalau, ni ce ma'aikaciyar gwaji. Na kasa.

An ɗebi jinin cibiya. Akwai kaɗan. Likita ya sake cewa a sa ido.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Amarya ta aiko in je. Ita da kanta, ba Auta ba. Na canza zane sau uku kamar mai zuwa neman aiki. Ban riƙe komai na ci ba, sabulu na kai.

Mahaifiyarta ta fita unguwa. Muka gaisa sama-sama. Ta rame. Ta ce in riƙe mata yarinyar za ta watsa ruwa, ta shige banɗaki.

Yarinyar na barci a kan katifa. Na daɗe ina kallon ta. Akwai wani faranti na ƙarfe a kan tebur da kofi a kai. Ni ba mai camfi ba ce, kuma na san wannan ba gwaji ba ne, ba ya nuna komai a kan shekara biyar ko goma masu zuwa. Na sani sarai. Na sauke kofin, na zagaya ta bayan kanta inda ba za ta ga inuwata ba, na saki farantin a siminti.

Ta zabura, hannuwa biyu sama, ta tsala ihu har fuskarta ta yi ja. Na zauna a bakin katifar na rungume ta, tana kuka ina jijjiga ta, ban san me nake ce mata ba.

Amarya ta fito da gudu da kumfa a wuya. Ta kalli farantin, ta kalle ni.

Na ce hannuna ne ya kuɓuce.

Ta sunkuya ta ɗauki farantin, ta juya shi. Gefensa duk ya lotsa, ba wuri ɗaya ba.

Ta ce, "Mama, ni kullum da safe nake yi."